Mashigin Baba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kawo lefena ba, kuma ba don kyan atamfofin ba ne. Har yau akwai waɗanda ban san launinsu ba sai na buɗe akwati. Abin da na riƙe daga ranar shi ne muryata, yadda ta fito a tsakar gidanmu gaban mata cike da tabarmi, tana faɗin sunan da na yi watanni ina zagaye shi kamar mai sabon takalmi a bakin kududdufi.

Bari in ɗan koma baya.

Da na gama jami'a na dawo gida Haɗeja, ba ni da aiki sai karance-karance da kallon tsuntsaye ta taga. Ƙawata ce ta gaji da ganina haka, ta ja ni cikin wasu matasa masu aikin sa-kai. Aikinsu shi ne shigar da wuraren yankinmu cikin wani babban rumbun bayanai da ke intanet, wanda ƙofarsa a buɗe take: mai so ya ɗiba, mai so ya ƙara. Ƙauyuka, kasuwanni, asibitocin sha-ka-tafi, rijiyoyin burtsatse, mashigan kwale-kwale. Kowane wuri akan ba shi lamba tasa shi kaɗai, a rubuta sunansa, a yi masa bayani na layi ɗaya, sannan a ɗaura shi da 'yan'uwansa. A ce wannan mashigi yana bakin kogi kaza, yana cikin ƙaramar hukuma kaza, asibitin da ya fi kusa da shi shi ne kaza.

Malama Asabe, wadda take koya mana, mace ce marar son wasa da aiki. Takan ce, "Ku ɗauka raga kuke saƙawa. Kin ja ƙulli ɗaya a nan, zai motsa can inda ba kya gani. Mai zana taswira zai ɗiba, mai rabon gidan sauro zai ɗiba, masu auna ruwan kogi za su ɗiba, kuma babu wanda zai zo ya yi miki sallama kafin ya ɗiba." Ta kuma ce layin bayanin nan ba ado ba ne, da shi ake raba wuri da wuri idan sunansu ya zo ɗaya. Maganar raga ta yi mini daɗi, har na rubuta ta a gefen takarda na zana mata kifi. Maganar bayanin kuwa ta same ni ina kallon wata belbela da ta sauka a kan katanga. (An gaya mini daga baya cewa ta maimaita ta. Belbelar ta daɗe a wurin.)

Ni aka ba mashigai. Na ji daɗin rabon, domin a wani mashigi na fara ganinsa.

Shi ɗin, wato angon. Kun gane. Mun tafi taron suna ne a ƙetaren kogi ni da 'yan gidanmu, muka dawo dab da magariba, sai ga wani saurayi ya naɗe ƙafar wando yana tuƙa kwale-kwalen mahaifinsa, ashe hutu ya zo daga makaranta. Rana ta sauko har tana taɓa ruwa, furen bado ya fara rufewa, garken agwagin ruwa ya ratsa ta kanmu. Na koma gida na rubuta baiti wajen goma. Shi kuwa da na tambaye shi daga baya abin da ya tuna na ranar, cewa ya yi mura yake yi, kuma wata yarinya ta taka masa kifi.

To, mashigin nan sunan mahaifinsa ake kiransa da shi, domin shi ya fara ajiye kwale-kwale a wurin tun kafin a haife ni. Lokacin da jerin aikina ya iso kansa, manya sun riga sun shiga maganarmu, an yi gaisuwa, an sa rana. Mutumin ya zama surukina. A gidanmu kuma, inda kakata Inna take riƙe da kunyar Fulani kamar yadda take riƙe da ƙwaryarta, yarinya ba ta kama sunan suruki. Ko wani ne daban mai irin sunan, sai ki ce "mai sunan Baba" ki wuce.

Babu wanda ya taɓa ce mini hukuncin ya shafi yatsa. Na sani sarai rubutu daban, faɗa daban. Amma da na zauna da yamma a bakin taga, na ɗora hannu a kan kwamfuta, sai hannun ya ƙi. Na rubuta harafin farko na goge. Na ji kamar mutumin yana tsaye a bayana da carbinsa yana kallon 'yar da ko shigowa gidansa ba ta yi ba tana jera sunansa gatsau. Sai na ce bari in sa wani abu na wucin gadi, in na samu ƙarfin hali gobe in gyara. Na rubuta: Mashigin Baba.

Da a nan na tsaya, da sauƙi. Amma ga gurbin bayani a buɗe, fari tas, ga kuma hasken yamma yana shigowa irin na waccan ranar. Abin da ya kamata in rubuta shi ne "mashigin kwale-kwale a bakin kogin Haɗeja". Abin da na rubuta shi ne: "inda rana take wanke ƙafarta kafin ta kwanta, inda na fara ganinsa." Na karanta, na yi murmushi ni kaɗai, na ce wa zai leƙo wannan lungu a cikin wurare bila adadin. Sauran kuwa na cika su daidai, ba yabon kai ba: kogin, ƙaramar hukumar, matsayinsa a taswira, duk na ɗaura shi inda ya dace. Aka kira salla, na danna ajiye, na tashi.

Goben ba ta zo ba. Shirin biki ya haɗiye ni, ga ɗinki, ga gyaran jiki, ga zaɓen labule. Can cikin damina na ji Malama Asabe tana murna cewa wasu masu aikin gargaɗin ambaliya sun fara ɗibar bayananmu. Suna haɗa awon ruwan da ake yi a saman kogi da wuraren da muka shigar, in ruwa zai hau sai saƙo ya tafi wayoyin manoma da masunta da Hausa. Har tafi na yi. Ko kaɗan Baba bai faɗo mini a rai ba.

Ranar lefe ta faɗo a ƙarshen damina. Kamar yadda aka saba, amarya ba ta fitowa, don haka ina ƙuryar ɗakin Inna, na kafa kunne a labule. Wadda ta jagoranci kawowa ita ce Hajja Falmata, yayar surukina, doguwar tsohuwa mai ƙamshin turaren wuta da kunne ɗaya mai aiki. Tare da ita akwai ƙanwar angon, Yagana, wadda tun da aka sa rana ta ɗauki tsokanata a matsayin sana'a. Su Barebari ne asalinsu, mu Fulani, kun san kuwa ba a haɗuwa a rabu lafiya. Tun daga zaure Inna ta fara.

"A shimfiɗa musu tabarma mai kauri, mutanen tafki ba su saba zama a busasshen wuri ba."

"Ku dai ku ƙirga akwatunan da kyau," in ji Hajja, "na san ba ku iya lissafin abin da ba shi da ƙaho."

Ana dariya, ana buɗe akwati, ana ɗaga leshi ana guɗa. Ni kuma ina ciki ina tsara yadda zan ba jikokina labarin ranar. Sai wayoyi suka yi ƙara kusan tare, nan da can cikin jakunkuna. Hajja ta zaro 'yar ƙaramar wayarta daga lalita ta miƙa wa Yagana.

"Karanta mini, ko mutanen ruwa ne."

Yagana ta gyara murya. "Sanarwa ga manoma da masunta. Ana sa ran ruwan kogi zai hau kafin jibi a waɗannan wurare. A kwashe amfanin gona da injina daga kwari. Tungar Masu, ƙauyen masunta. Kwarin Ɗinya, fadamar shinkafa." Ta ɗan dakata. Sannan ta ci gaba a hankali, tana ba kowace kalma haƙƙinta. "Mashigin Baba, inda rana take wanke ƙafarta kafin ta kwanta, inda na fara ganinsa."

Mutum yakan so a karanta rubutunsa a bainar jama'a, ni ma na sha mafarkin haka, amma a mafarkin akwai mumbari da kofin ruwa.

Sai tsakar gida ta fashe da dariya.

"Wannan sanarwa ce ko zance?" in ji wata gwaggona.

"Injin ma ya samu saurayi," in ji Inna. "Saura ke, Hajja."

"Wane Baban kuma?" in ji wata daga cikin baƙin. "Kogin nan daga sama har ƙasa Baba ne. Kowane gida da nasa."

Aka yi ta kawo sunayen Babanni, wannan ta ce na wajen Miga ne, waccan ta ce akwai wani tsoho mai gora a hanyar Kafin Hausa. Na cusa fuskata cikin filon Inna ina roƙon Allah maganar ta wuce a koma kan takalma. Babu wanda ya san ni ce. In na yi shiru, babu mai sani har abada.

Sai na ji Hajja ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "To alhamdu lillahi, tunda babu namu a ciki. Shinkafar Alhaji tana nan jibge a bakin mashigi, sai bayan Juma'a za a buge ta."

Na ɗago daga filon. Na san shinkafar. Irin mai saurin nuna ce da suke shukawa da wuri don su riga ruwa, kuma ita ce abincin gidan na shekara, har da wadda za a dafa a bikina. An yanke ta an tara a kwari. Saƙon bai yi kuskure ba, lambar wurin daidai take, ruwan kuwa gidansu ya nufa. Sunan ne kawai babu mai gane shi a duniya sai ni.

Na kira wayar angon, a kashe (yana kan ruwa, kamar kullum in ana nemansa). Na shiga rumbun da wayata, na gyara sunan, wannan karon yatsan bai yi gardama ba. Amma saƙon da ya riga ya tafi ya tafi. Sai na rubuta wa Yagana: "Naku ne. Ki gaya wa Hajja a kwashe yau. Don Allah kar ki ce ni na ce."

Ta labule na ga ta karanta. Na ga murmushin ya fara daga gefe ɗaya na bakinta ya bazu.

"Hajja, amarya ta ce wai namu ne."

"Wace amaryar?"

"Tamu. Ai ita take shigar da mashigai a kwamfuta."

Hajja ta juyo da kunnenta mai aiki wajen ɗakin. "Ni ba zan tayar da ɗan'uwana ya nemo amalanke da 'yan ƙwadago ranar kasuwa a kan wai ba. In ta san wani abu ta fito ta faɗa."

"Amarya ba ta fitowa ranar lefe," in ji gwaggona.

"Ruwa ma ba ya jiran a gama lefe," in ji Inna. "Fito, 'yar boko."

Na fito. Zanen gida ne a jikina, kaina da kitso rabi, na ja mayafin Inna na rufa har hanci. Na durƙusa a bakin tabarma na gaishe su, muryata kamar ta sauro.

"Lafiya lau, 'yata. Wane mashigi ne wannan?"

"Na gidanku ne, Hajja."

"Wane gidan? Na aurena ko na ubana?"

"Na... na Baba."

"Babanmu ya rasu tun ba a haife ki ba, kuma shi fatauci ya yi, bai taɓa riƙe filafili ba."

"Baban su Yagana," na ce, ina jin daɗin na samu hanya.

"Yagana uku ne a danginmu, kowacce da ubanta, biyu a bakin ruwa suke."

Na kalli Yagana da idon neman taimako. Ta duƙufa tana duba ɗinkin wata jaka kamar an ba ta aikin. Na kalli Inna, wadda ita ta koya mini duk wannan kunyar. Ta ɗauki cincin ta jefa a baki.

Daga baya na yi ta tunanin ko Hajja ta gane tun farko. Ina jin ta gane rabi. Amma tsohuwar tana da gaskiyarta: za ta sa a yi aikin yini guda da kuɗin mutane, tana so ta ji suna, ba kewaye-kewaye ba. Ni kuma ina durƙushe ina auna abu biyu, kunyata da shinkafar gida guda. Ban taɓa sanin kunya tana da nauyi haka ba sai da na ɗora ta a sikeli, kuma duk da haka shinkafar ta rinjaye ta.

Na faɗa a hankali.

"Ɗaga murya, wannan kunnen ado ne."

Na rufe ido. "Mashigin Alhaji Bukar."

Ban san na iya ɗaga murya haka ba. Har kajin da ke bayan rumbu sai da suka yi shiru. Wata daga cikin 'yan kawo lefe ta rangaɗa guɗa, wai amarya ta kama sunan suruki tun ba a kai ta ba, a rubuta a ajiye.

Hajja ba ta yi dariya ba. Ta karɓi wayarta ta ce a kira mata Alhaji. Ita kuma irin mutanen nan ce da suke ganin in wanda ake kira yana nesa, sai an taimaka wa waya da murya.

"Alhaji, kana jina? Saƙon nan na ruwa, naka ne. Eh, kai ne Baban. A kwashe shinkafar yau. Surukarka ce ta rubuta. Surukarka. Ta ce inda rana take wanke ƙafa. Ƙafa, Alhaji, ƙafa. Kafin ta kwanta. A'a, ranar ce za ta kwanta." Ta saurara. "Ta ce kuma a nan ta fara ganinsa."

Inna ta sunkuyo kusa da kunnena, ta yi raɗa irin wadda ake ji har zaure. "Wa kika fara gani ne, uban ko ɗan? Gara mu sani tun akwatunan ba su shiga ɗaki ba."

Ban san yadda na koma ƙurya ba. Na dai tsinci kaina a bayan gadon Inna, tsakanin bango da tulin kwalla, inda na zauna har baƙi suka tafi.

An kwashe shinkafar a yinin, da amalanken shanu da duk wanda aka samu. Ruwa ya zo kamar yadda aka ce. Angon ya aiko mini da hoton inda tarin yake a da, babu abin da ake gani sai kan ciyawa da wata belbela a tsaye. A ƙarƙashin hoton ya rubuta, "Ga inda kika taka mini kifi."

Da na je wa Malama Asabe da bayani, na shirya shan faɗa. Ta buɗe shafin, ta duba gyaran da na yi, ta ce daga yanzu duk mai ɗiba zai ɗebi daidai, gyara ɗaya ya isa ko'ina. Sannan ta cire tabarau ta dube ni.

"Kin ga amfanin lambar ko? Duk abin da kika yi wa sunan, ita ba ta ɓata hanya ba. Lamba ba ta da suruki."

Na tambaye ta ko za a iya goge tsohon rubutun gaba ɗaya. Ta ce a'a, rumbun yana ajiye tarihin kowane gyara, da sunan mai yi, don kowa ya gani. Wato baitina yana nan har gobe, buɗe ga duniya, da lasisin kowa ya ɗiba.

Abin bai tsaya nan ba. Saƙon ya shiga wayoyi da yawa, labarin lefen kuma ya shiga fiye da haka. Kafin a ɗaura aure, masu babur a tasha sun fara kiran "Mashigin Baba, mutum ɗaya." Masu kifi suka ɗauka. Bayan 'yan watanni Malama Asabe ta kira ni ta ce tunda yanzu mutane da gaske suna kiran wurin haka, ƙa'ida ta ce a shigar da shi a gurbin "wani sunan da aka san shi da shi". Ni ta sa na shigar. Na zauna na rubuta kuskurena da hannuna a matsayin gaskiya.

Surukina bai taɓa ɗaga maganar ba. Mutum ne mai kawaici, in na gaishe shi yakan amsa yana kallon carbinsa, har na fara sa ran Hajja ba ta isar da saƙon duka ba. Sai wata yamma, bayan biki, muka dawo daga ƙetare ni da Yagana. Yana zaune a bakin mashigin a kan buzunsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa. Sannan ya ɗaga kai ya dubi yamma, inda rana ta sauko tana taɓa ruwa, ya ce, ba da ni ba, ba da kowa ba:

"To. Ta zo wanke ƙafa."

Yagana ta kusa faɗawa kogi.

Har yanzu ina aikin, kuma har yanzu ba na kama sunansa da baki. Sau ɗaya na yi, ya ishe ni, a nan ma kun ga sau ɗaya na rubuta. Amma na koyi raba kaya: suna a gurbin suna, komai nauyinsa, kunya a tsakar gida, waƙa kuma a ƙarƙashin filo, inda babu mai auna ruwan da zai zo ya ɗiba. In kuma belbela ta sauka a katanga ana cikin darasi, sai in ce mata ta jira a tashi.